Na Shiga Teku da Dutsen Mai Gidana

Tun da na dawo daga Yamai bakina bai huta ba. Wadda ta shigo yi mini barka da dawowa sai ta gyara zama ta ce, "Inna Kulu, wai da gaske kin shiga teku?" In faɗa in gama, wata ta yi sallama, a koma farko. Shi ya sa na ce wa Saratu, matar ɗana, tunda ita ta yi boko ni ban yi ba, ta ɗauko abin rubutu in faɗa sau ɗaya. Wadda ta zo gobe a karanta mata, ni in samu in sha furata.

Amma kafin mu hau mota sai na fara da dutse, don in ba shi ba, labarin bai wuce na zaman jego ba.

Mai gidana, Allah ya jiƙansa, haƙar rijiya ce sana'arsa. A Mandera muka yi zamanmu, can ƙasar Shagari. Ya rasu bara bayan an cire amfanin gona, kuma har yau in na zo dama fura sai hannuna ya zuba ta mutum biyu. Ba na ɓoye kukana, duk wanda ya san ni ya sani.

Tun muna da ƙuruciya, wata rana yana haƙa ya kai wurin farin dutse, sai ya ci karo da wani abu naɗe kamar gammo, girman dunƙulen hannu biyu, jikinsa da zane siriri kamar an ja da allura. Ya kawo shi gida, ya ɗinka masa 'yar jaka. In ya ci tuwo yakan fito da shi ya yi ta juyawa, ya ce, "Kulu, wanga abu na ruwa ne. Yadda ya zo ƙarƙashin gonar gero, Allah kaɗai ya sani."

Mutane suka ga yana keɓewa da dutse, suka ga rijiyoyinsa na kawo ruwa, sai suka haɗa biyun. Yana raye ba wanda ya faɗa a gabansa. Bayan na fita takaba na dawo nan Boɗinga wurin ɗana Magaji, wanda ke karantar da allo, sai ga wani mutum daga ƙauyen gaba da Mandera, ya ja Magaji gefe ya ce a ba shi aron "abin aikin marigayi", shi ma zai fara haƙa.

Magaji ya shigo ɗakina idonsa ja.

"Inna, cewa ake Baba da tsafi ya yi aiki. Mutumin da sahu bai taɓa wuce shi ba. Ki ba ni dutsen nan in kawar da shi."

Na ce ba zan bayar ba. Bai ja da ni ba, amma na ga abin yana cin shi. Da labari ya zo cewa ɗiyata Luba ta sauka lafiya a Yamai kuma ni zan je zaman jego, sai ya sake zuwa, ya durƙusa.

"Inna, akwai babban kogi can. Ki jefa shi ciki, magana ta mutu. Don Baba nake roƙon ki."

Na ce to. Da bakina na ce to.

Mijin Luba ne ya zo ɗaukata. Albasa yake kaiwa Yamai, mutum ne mai kirki, amma suruki suruki ne. Daga Boɗinga zuwa Sakkwato, daga Sakkwato zuwa Illela, yana kujerar gaba ina ta baya, kowace tsayawa sai ya sayo abu ya miƙo ba tare da ya waiwayo ba: ga gyaɗa, ga tsire, ga lemo. Ni kuwa yaya za a yi in tauna abu surukina na ji? Na yi ta tarawa a cinya, cikina na ƙugi. Matar da ke gefena, wata Hajiya Tumba mai fataucin turaren wuta, ta dube ni ta dubi cinyata.

"Ke baiwar Allah, kanti za ki buɗe?"

Na nuna mata ƙeyar surukina da haɓa. Nan take ta gane. Ta warware mayafinta ta ɗaga shi tsakaninmu da kujerar gaba kamar labule, ta ce da ƙarfi, "Rana na damun tsohuwa." Bayan mayafin nan muka cinye tsiren mu biyu, ita ta fi ni ci, kuma don kada a ji tauna sai ta riƙa tari. Direba har ya ce ko a tsaya a nemo mata magani.

A kan iyaka aka sauke mu duka. Ma'aikacin da ke duba kaya a ɓangarensu, dogo ne mai tsage a kumatu, ya kwance ƙunshina: ga kanwa ta kunun mai jego, ga daddawa, ga yaji, ga kuka. Daddawar ta buge shi ya ja baya. Can ƙasa ya taɓo 'yar jakar, ya zazzage ta a tafin hannu.

"Tsohuwa, wannan fa? Zinariya ake nema a ciki?"

"Na mai gidana ne, ya rasu."

"Mi sunanshi?"

Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Na ce, "Ɗana, ka taɓa jin uwarka ta kira sunan ubanka?" Sai ya fashe da dariya, ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa da yarensu, shi ma ya yi dariya. Ya mayar mini da dutsen da hannu biyu, ya ce tsohuwarsa ma haka take, ranar da za a yi mata katin shaida sai da aka aiko maƙwabci ya faɗi sunan.

A Ƙonni muka kwana, gidan wata 'yar'uwar Hajiya Tumba. Da safe aka kawo mana koko da wani burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa tauri. Na ɗauka na jiya ne aka ba baƙi, har raina ya ɗan sosu. Ashe sabo ne, haka suke son shi. Ni da haƙorana da suka rage sai da na jiƙa shi cikin koko. Abin da ya fi ba ni mamaki, na leƙa ƙofa na ga babban mutum da riga mai aiki ya saƙalo burodin nan a hammata tsirara, ba leda ba takarda, yana gaisawa da mutane.

Muka wuce Dogon Dutsi, muka wuce Doso. A Doso Hajiya Tumba ta sauka, ta ƙulla mini turare a bakin zane ta ce na amarya ne, in na samu miji a Yamai. Na ce ta rufa mini asiri. Ashe bakinta na da kaifi, don miji na samu: jaririn Luba namiji ne, kuma sunan mai gidana aka sa masa. Da aka ɗora mini shi na ga goshin nan, sai da na yi kukana na ƙoshi, sannan na ce masa, "Ango, ka iske ni na tsufa." Tun daga ranar Ango nake kiran shi, don shi ma sunansa ya fi ƙarfin bakina.

Zaman Yamai ya yi mini daɗi. Mata can suna tuƙa babur da kansu, da goyo a baya. In rana ta take sai a rufe shaguna kowa ya tafi gida ya kwanta, kamar gari ya yi baƙin ciki, la'asar kuma a buɗe. Dambunsu da zogale ya kusa kamo namu, sai dai sun cika mai. Mun ɗan yi gardama da ungozomar asibitinsu kan zafin ruwan wanka, ta ce in rage wuta, na ce haka aka yi mini na haifi bakwai. Luba ta raba mu, aka sirka.

Duk wannan lokaci dutse na ƙarƙashin matashina. Yau in ce gobe, gobe in ce jibi. Har aka kusa arba'in, Magaji ya kira a waya, bayan gaisuwa ya ce, "Inna, saƙon nan fa?" Na ce ban manta ba.

Washegari na fito da dutsen tsakar gida, na zauna ina shafa shi, ina yi masa sallama a zuciyata. Sai ga maƙwabciyar Luba ta shigo karɓar garwashi. Madam Hamsatu sunanta, Bazabarma ce, malamar makaranta, Hausarta na da ɗan karkata amma ana ganewa. Ta tsaya cak.

"Inna, ina kika samu wannan?"

Na ba ta labari har zuwa maganar kogi. Ta dafa ƙirji.

"Kogi ba ya gudu, Inna. Gobe zan kai 'yan ajina gidan da ake ajiye ƙasusuwan dabbobin da. Kusa da kogin ne. Ki bi mu. In kin gani kin fito, kogi na nan yana jiran ki."

Haka na bi sahun yara masu riguna iri ɗaya, ni ce babbar ɗaliba, da ƙunshina a hannu. Abin da muka fara gani wata dabba ce, ƙashi zalla, an tsayar da ita da ƙarafa. Wuyanta kaɗai ya fi ƙofar gidanmu zuwa masallaci. Na tambayi Madam, "Su wa suka cinye naman?" Ta fassara wa yara, suka yi ta dariya har mai gadi ya leƙo. Ta ce lokacin da wannan ke yawo babu mai yanka, ba a halicci mutum ba tukuna.

Daga nan aka kai mu wani ɗaki mai sanyi, kujeru a jere. Mai kula da ɗakin mutumin Tawa ne, Malam Isufu, Hausarsa irin tamu sak, har na ji kamar ina kasuwar Shagari. Ya nuna mana wani tabarau mai kauri kamar ƙaramin akwati, da maɗauri a bayansa. Ya ce in an sa shi, mutum zai ga ƙasar nan yadda take a zamanin da, kamar yana tsaye a ciki. Yara suka sa suna ihu suna kai hannu cikin iska. Da aka zo kaina na ce a'a, idona ɗaya ma da hazo yake gani. Malam Isufu ya ce, "Inna, ina nan gefenki. Maganar ciki ba da Hausa take ba, ni zan riƙa gaya miki. In kin ce a cire, a cire."

Na yi bisimilla, aka ɗaura mini a kan ɗankwali.

Ɗakin ya ɓace. Yara suka ɓace. Ga ni tsaye cikin fili, jar ƙasa da 'yan ƙayoyi, kamar hanyar Mandera da rani. Na waiwaya baya, can ma fili ne. Sai na ji ƙara, na duba ƙasa, ruwa na tasowa. Ya kama idon sawuna. Na tuɓe takalmana na riƙe a hannu. Ya kai gwiwa, na tattare zanena. Ina jin dariya daga nesa amma ban kula ba, ruwa ba abin wasa ba ne. Da ya kai wuya na yi kalmar shahada, na cika kumatu da iska, na toshe hanci.

Ban san iya lokacin da na yi haka ba, sai na ji Madam na jijjiga kafaɗata. "Inna, yi numfashi! Yi numfashi, don Allah!" Na saki kaɗan, na ja. Iska ce. Na sake ja. To fa. Ga ni ƙarƙashin ruwa ina numfashi kamar kifi.

Ruwan shuɗi ne, ba irin na gulbinmu ba. Kunkuru ya wuce ta saman kaina, girmansa ya kai tabarma. Kifaye suka zo garke guda suka rabu biyu suka kewaye ni. Sai ga wani kada mai dogon baki siriri ya nufo ni kai tsaye. Na kai masa duka da takalmi. Na ji "Wayyo!" da muryar mutum. Ashe kunnen Malam Isufu na samu. Ya ce, "Inna, ni ne, kadan ya wuce." Na ba shi haƙuri ido rufe, na ce ya matsa daga hanyar kada.

Yana dariya yana gaya mini cewa tekun nan ya taɓa rufe ƙasarsu, ya gangara har ƙasar Sakkwato. Na ce, "Ruwan Ɗufana ke nan?" Ya ce masu binciken sun ce wannan ya riga shi da nisa, sauran sani na wurin Allah.

Yana cikin magana na gan shi.

Daga hagu ya taho, a hankali, yana lilo kamar ƙwarya a kan ruwa. Naɗe kamar gammo. Zanen nan siriri duk yana jikinsa, sai dai da launi, fari da ja-ja. Daga bakinsa wasu 'yan hannaye masu laushi suna motsi, ga ido guda yana kallona. Rai gare shi. Abin da na kwana da shi ƙarƙashin matashi, abin da na ga an juya a tafin hannu shekara da shekaru, ga shi yana iyo. Bayansa wani, bayansa wani, har da ƙanana.

Na miƙa hannu, hannuna ya wuce ta cikinsa. Ya yi sama, na bi shi da kallo. Can bisa na ga hasken rana a saman ruwa, zagaye, yana rawa. Mai gidana yakan ce daga ƙasan rijiya sama kamar faifai take, kuma in na kawo masa fura na leƙa, kaina yakan ci gefen faifan, da haka yake sanin ni ce tun ban yi magana ba. Ni kullum daga sama nake leƙawa. Ban taɓa ganin abin da yake gani ba sai ranar nan.

Na ce wa mai gidana kamar yana gabana, "Malam, ga abinka. Na ruwa ne, yadda ka ce."

Da aka cire mini tabarau ya jiƙe sharkaf, sai da aka nemo ƙyalle. Na kwance ƙunshi na fito da dutse na ɗora a hannun Malam Isufu. Ya dube shi ya dube ni, ya ce in biyo shi. A ɗaki na gaba, cikin akwatin gilashi, ga 'yan'uwansa a jere, wani ya fi nawa girma, wani ya gutsure. Ya ce in abin ya mutu yakan nutse cikin laka, laka ta zama dutse, shi ma ya zama dutse, teku ya janye, ƙasa ta hau kai, mutane su zo su shuka gero. Ya ce nawa bai karye ko kaɗan ba, wanda ya ciro shi ya yi hattara.

"Inna, da za ki bar mana shi, mu ajiye nan mu rubuta sunan wanda ya haƙo shi, duk mai zuwa ya karanta. Mi sunanshi?"

Madam ta ƙyalƙyale da dariya, don Luba ta ba ta labarin kan iyaka. Ni ma na yi dariya da hawayena. Na ce, "Ɗana, na gode. Amma nan ba wanda ya zarge shi. Can gida ne ake buƙatar wannan." Bai matsa ba. Ya karɓi wayar Madam, ya ɗora dutsena kusa da gilashin, ya ɗauki hoto mai motsi yana bayani da Hausa, ya nuna har wanda ke iyo.

Da muka fito na ce a kai ni kogin. Babba ne kuwa, Magaji bai yi ƙarya ba. Na tsuguna a baki na wanke dutsen tas, na goge da bakin zanena, na mayar cikin jakarsa.

Hanyar dawowa ban ji yunwa ba, ban ji kunyar suruki ba, tunanin Magaji kawai nake. Na yi masa alkawari na saɓa. Yaro ne mai tsayawa kan magana, irin ubansa.

Bayan an gama barka da zuwa, mutane sun ragu, ya shigo ya zauna bakin ƙofa. Ban jira ya tambaya ba, na ajiye jakar a gabansa. Fuskarsa ta canja. Na ce wa Saratu ta kunna abin da Madam ta turo a wayarta. Ya kalla har ƙarshe. Ya ce a sake. Aka sake. Sannan ya zazzage jakar, kuma wallahi tun yana yaro ban taɓa ganin ya taɓa dutsen nan ba sai ranar. Ya juya shi, ya juya shi, daidai yadda ubansa ke yi, babban yatsa na bin zanen. Yana ta tasbihi a hankali.

"Inna, mi Baba ke cewa in ya riƙe shi?"

Na gaya masa. Sai ya sa hannun riga ya rufe ido.

Ranar Juma'a ya hau mota zuwa Shagari, ya zarce zuwa Mandera da dutse a aljihu da wayar matarsa. Bayan an sauko daga salla ya tsayar da dattawa a ƙofar masallaci. An ce wayar ta zaga hannu ya fi a ƙirga, dutsen ma haka, har liman ya ɗaga shi sama yana duba. Mutumin nan mai neman aro yana wurin, ya ce, "To in ba shi ba ne, da mi yake samun ruwa?" Wani tsoho abokin mai gidana ya ce, "Da haƙa! Kun manta busassun rijiyoyin da ya haƙa? Ni na ja masa igiya a ta bayan makarantar allo, ƙura muka samu." Aka yi ta dariya. Gaskiya ya faɗa, ni na san busassun nan, ni ce mai lallashi in ya dawo.

Yanzu dutsen ba ya cikin jaka. Yana kan kantata a fili, kusa da kwanonin jere, wanda ya shigo ya ɗauka ya gani. Kuka kuwa ban daina ba, sai dai yanzu rabi ne da dariya, musamman in na tuna kunnen bawan Allah nan.

Saura abu ɗaya. Malam Isufu ya tambaye ni suna ban faɗa ba, kuma ba zan fara yau da furfurata ba. Saratu ta ce ita ma bakinta ba zai iya kiran sunan surukinta ba. Na ce ba bakinki na ce ba, ɗiyata, hannunki na ce. Kin san shi. Rubuta shi nan ƙasa, shi kaɗai a layinsa, ki kyautata rubutun.

Umaru Mai Rijiya, na Mandera.